Bangon Inna Mai Sanyi

A Makka ne kaɗai na ga ana ajiye abin ɗumama ruwa don a sami ruwan sanyi. Lokacin zafi, tankin da ke kan rufi tafasa yake yi, ka buɗe famfon sanyi ya ƙona maka hannu. Sai mu kashe sahhan, wato hitar banɗaki, mu riƙa wanka da ruwan da ya huce a cikinsa.

Muna haya a unguwar Hindawiyya, ni da maigidana mai karatun hadisi, da Inna, mahaifiyata. Mu biyu muna da iƙama, takardar izinin zama. Inna aikin hajji ta zo ta ƙi komawa, ta ce a nan za a binne ta. Mai gidan hayar kuwa tun ranar farko ya gaya mana, in ya ga marar takarda a gidansa, hukuma zai kira.

Wata rana Inna ta ja katifarta ta manna da bangon da ya raba ɗakinta da banɗaki.

"Taɓa ki ji," ta ce da ni. "Duk gidan nan wuta, nan kaɗai sanyi. Albarkar garin ce."

Na taɓa. Albarkar har da danshi. Bututun sahhan ne ke tsattsafo da ruwa a cikin bango, ban kuwa isa in kira mai gidan haya ba.

Maigidana ya ce in bar masa. Mutumin da ƙusa ma ba ya iya kafawa! Ya naɗe bututun da ke waje da salatif, alhali ba can ne ciwon ba. Bango ya kumbura, ya shafa fenti. Fenti ya ɓare, ya rataya labule. Kullum ya ɗaga labulen ya ce, "Da sauƙi." Haushi kamar ya kashe ni.

Maƙwabciyarmu ta ƙasa ce ta fasa ƙwan, don ruwa ya fara ɗiga mata a kan gado. Mai gidan haya ya bugo waya, yana tafe bayan azahar da mai gyaran famfo.

Ina za mu kai Inna? Maƙwabta kowa tsoron kansa yake. Na kama hannunta muka hau rufi, na zaunar da ita a 'yar inuwar tanki, na ajiye mata gorar ruwa. Na ce yanzun nan za su tafi.

Ba su tafi ba. Mai gyara ya fasa bango, ya gano hudar da ba ta fi bakin allura ba, ya fita neman bututu, ya dawo. Mai gidan haya na zaune yana shan shayina, ni ina murmushin dole.

Sai bayan la'asar na hau. Inuwar ta gudu ta bar ta, gorar ba ko ɗigo, leɓɓanta sun bushe. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ta yi da na fi jin daɗi.

Bango ya bushe ƙayau. Ranar Juma'a ta ɗaure kayanta a zani.

"Inna, an fa gyara. Ba mai sake zuwa."

"Na sani, 'yar nan," ta ce. "Ki raka ni in miƙa kaina ga hukuma, su mayar da ni Kano. A can ko famfo ya fashe, a ɗakina zan zauna."