Zobban Haske a Shingen Jabal Awliya

Ƙanena ya taɓa fasa wa Inna kofin gilashi mai ƙafa, cikin waɗanda ta sayo a Kasuwar Libiya ta garinmu Umdurman take ɓoyo don baƙi, wai zai nuna mana abin da yake karantawa a jami'a. Ya ɗiga tawada a takarda, ya ɗora gindin kofin a kai. Da na leƙa, sai na ga ɗigon ya zama zobe. Ya gusar da gilashin kaɗan, zoben ya rabu gida biyu.

"Kin gani, Yaya? Haka ake yi a sama. Hasken wasu taurari na can nesa yana tahowa, sai ya tarar da wani gungun taurari mai tsananin nauyi a hanya. Nauyin ya ja shi, ya lanƙwasa masa hanya. Kafin ya iso mana ya zama zobe, ko ki ga abu ɗaya ya fito a wuri huɗu."

Inna ta ce, "Tamam. To kofina fa, wane nauyin zai dawo min da shi?"

Ni ma ban raga masa ba. Na ce sa'o'insa a Umdurman suna neman na cefane, shi yana auna abin da ko shaho bai kai ba. Aikinsa ke nan kullum: ya sauke hotunan sama a kwamfuta, ya zagaye kowane lanƙwasasshen haske da jan layi, ya jera lambobi a gefe. Da su yake gano nauyin abin da ido ba ya gani. Saura ƙiris ya kammala digirinsa na biyu.

Sai yaƙi ya shigo gari. Muka daure, muka daure, har ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Muka lallaɓa muka samu motar da za ta yi kudu ta Jabal Awliya. Na ce wa ƙanena ya bar kwamfutar, ya ce gara ya bar takalmansa.

Da rana tsaka aka tare mu a wani shinge. Samari ne da bindigogi, suna bincika jaka da waya. Ɗayansu ya sa ƙanena ya kunna kwamfutar. Baƙin hoto ya fito, ga ɗige-ɗigen haske, ga jajayen da'irori, ga lambobi.

"Mene ne wannan, ya zol?" ya tambaya da Larabci, wato "kai mutumin nan". Bai jira amsa ba ya kira na gaba da shi, ya ce ga hoton gari da dare, an zagaye sansanoninsu don jirage su yi musu ruwan wuta.

Na mintsini ƙanena, na raɗa masa da Hausa, "Ka ce ba taka ba ce, tsinta ka yi."

Ina! Gyara tsayuwa ya yi ya fara bayani, har da kwatance da hannu. Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne yadda fuskarsa ta washe. Ya samu masu sauraro.

Babbansu ya katse shi. "Wa ya ɗauki hoton?"

"Wata na'ura ce da ke shawagi a sama."

"Halas, magana ta ƙare," in ji mutumin.

Suka ja shi gefe. Inna ta riƙe masa jallabiya, aka ɓamɓare hannunta da gindin bindiga. Direba ya ce, "Ya hajja, ki hau don Allah, mota cike take da yara." Muka hau. Ta gilashin baya na hango shi tsakaninsu, hannuwansa suna ta zana da'ira a iska.

Babu inda ba mu cigita ba tun daga ranar. Wani ya ce ya gan shi a wani gida da ake tsare mutane, wani ya ce ba shi ba ne. Na tsani mutanen nan, ba na kuma neman a ba ni haƙuri. Wani lokacin har shi nake jin haushi, da bakinsa da ba ya iya ƙarya.

A garin da muke gudun hijira, Inna ta sa a ranta cewa magana tana tafiya, wata rana za ta kai kunnen waɗanda ke riƙe da shi. Don haka duk wanda ya tambayi sana'ar ɗanta, sai ta ɗaga murya yadda na nesa ma zai ji.

"Direban raksha ne, keken hayan nan mai ƙafa uku. Wallahi ko sunansa bai iya rubutawa ba."

Idan aka juyo gare ni, sai in ce haka ne.