Na Allah Maginin Rijiya

Na Allah maginin rijiya ne, kamar ubansa. An haife shi a Dogon Gawo, wani ɗan ƙauye a ƙasar Tasawa, arewa da Urafane. Yana da shekara tara mahara suka ƙone ƙauyen. Waɗanda suka tsira suka koma wani gari da ke kusa, mai kafi na gungume da ƙaya da ƙofa ɗaya tak. Dogon Gawo ta zama kufai.

Shi dai bai yar da ita ba. Kowace shekara in an gama ɗaurin gero, sai ya kwashi matarsa Zara'u da 'ya'yansu, Ishaƙu da Rakiya, su tafi can su wuni. Tafiyar hantsi ce. Zara'u kan dama fura ta cika gora, ta ƙulla dambun gero a ƙwarya. In sun isa, yara su bazama tsintar magarya a bakin tafki, shi kuwa ya zagaya yana nuna musu: nan ɗakin kakarku yake, nan maƙera, wancan ramin da ya rufta rijiyar kakanku ce, gaba ashirin da biyu. Su yi wa mamata addu'a, su kishingiɗa a inuwar tsamiya, la'asar sakaliya su kamo hanya. A duk shekara wannan ce ranar da ba ya shiga rami.

Wata shekara aka kama maginin rijiyar wani gari a hanyar gona, aka yi gabas da shi. Da rani rijiyarsu ta rufta, babu mai gyarawa, garin ya watse. Da labari ya iso, mai gari ya aika aka kira Na Allah.

"Daga yau ba ka ƙetare ƙofa," in ji shi. "Gonarka gayya za ta nome ta."

"Ranka shi daɗe, ko wuni ɗaya? Kufanmu kawai, in kai yara."

"In an ɗauke ka, wa zai shiga mana rijiya? Mutum ɗari huɗu ke sha da hannunka. Yi haƙuri sai ƙasa ta kwanta."

Ƙasa ba ta kwanta ba. Bana a ce dawakin gabas ne, baɗi a ce masu raƙuma daga arewa. Ba a ɗaure shi ba, ba a zage shi ba. Ko akuya aka yanka sai an kai masa cinya. Amma mata na fita itace, makiyaya na fita da shanu, har makaho ana jansa zuwa kasuwar Urafane, shi kaɗai ne ba ya fita. Daga gida sai rijiya, a zura shi da igiya ya kwashe yashi, ya ɗaga kai ya hango sama kamar bakin ƙwarya.

A shekara ta huɗu ya gwada. Ya yafa tsohon bargo, ya shiga cikin masu zuwa yankan kara. Manzo mai tsaron ƙofa, abokinsa tun suna yara a Dogon Gawo, ya riƙo masa hannu.

"Na Allah, ko cikin buhu ka shiga na san tahiyarka. In na bar ka, ni za a kora da iyalina. Mi kake so in yi?"

Ya juya gida. A shekarar Zara'u ta bi wasu Fulani ta kai yaran Dogon Gawo ita kaɗai. Da suka dawo Rakiya ta soma ba shi labarin tafki, sai ya tashi ya shige ɗaki.

Ya daɗe yana ƙin koya wa Ishaƙu sana'ar, don ya san abin da ke bayanta. Amma gwiwoyinsa suka fara ciwo, numfashi ya fara ɗauke masa a ƙasan rami, garin kuma ba ya kwana biyu babu ruwa. Dole ya miƙa wa ɗansa dagi.

Bayan shekara goma sha ɗaya da hana shi fita, mai gari ya sake kiransa.

"Ka yi mana ƙoƙari. Je ka duk inda kake so. Ishaƙu ne zai zauna."

Da kaka ta zo aka ɗora shi kan jaki. Zara'u, Rakiya da 'ya'yanta biyu suka biyo baya. Ishaƙu ya rako su har ƙofa, nan ya tsaya kusa da Manzo.

"Baba, ku gaishe min da tsamiya," ya ce yana dariya.

Sun tarar da tafki cike, magarya ta nuna har tana zuba, jikoki na ta ihu. Na Allah ya nuna musu kaburbura, ya yi addu'a, ya kurɓi fura sau biyu ya ajiye. Ko azahar ba ta yi ba ya ce a kamo jaki.

"Malam, yanzu fa muka zo," in ji Zara'u.

"Yau Ishaƙu zai shiga rijiyar masallaci. Ban san wa zai riƙe mai igiya ba."

Bai ƙara zuwa Dogon Gawo ba, ko da yake babu mai hana shi. Shekara shida ya ƙara a duniya, kuma duk ranar da Ishaƙu zai sauka, tsohon na zaune a bakin rijiya, igiya naɗe a hannunsa, yana yi wa masu ja faɗa su sassauta.