Jatan landen da na ɗaura wa Baba

Ni ɗan masunci ne, amma ban taɓa iya ƙulla taru ba. Baba yakan kalli ƙullina ya ce, "Kai dai je ka makarantarka." Na kuwa tafi, har ta kai ni Manchester.

A can wani tsohon Bature mai shagon kayan kamun kifi ya koya mini ɗaura ƙwaron ƙarya a jikin fatsa. Da karatu ya mai da ni Birmingham, inda ban san kowa ba, wannan aikin ya zame mini abokin hira. In na dawo daga jami'a sai in zauna a ɗakina na unguwar Edgbaston, jirgin ƙasa na wucewa ta bayan taga, ni kuma ina naɗa zare. Wallahi akwai Asabar ɗin da ban buɗe baki na yi wa ɗan Adam magana ba.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne jatan lande mai haske. Za ka ƙona bakin igiyar nailan ta dunƙule ta zama ido, ka yi ƙafafu da gashin zakara, sannan ka naɗe jikin da wani zare mai shan haske, wanda in ya shiga duhu sai ya yi kore. Na lalata fatsa ba adadi, na soke yatsa, na zagi zaren har da kakansa. Ran da ɗaya ya yi kyau, banɗaki na shiga na ja ƙofa don in sami duhu. Ga shi a tafin hannuna yana haske, ba wanda zan nuna wa.

Burina ɗaya ne: Baba ya jefa shi a kogin garinmu, ya san hannuna ya iya wani abu. Na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, na ba wani ɗalibi a unguwar Moss Side mai komawa gida ya kai masa.

Da saƙo ya isa na buga waya. Baba ya ce, "Ya iso, Allah ya yi albarka. Amma ba ya haske."

"Ina kuka ajiye shi?"

"A gwangwani, cikin adaka."

"Haba Baba! Ai sai ya sha rana tukuna!" Na ce a ba ƙanwata wayar, na sa ta shanya shi a tsakar gida, ta kai ɗaki, ta rufe ƙofa da taga. Na ji ta yi ihu, "Yaya, ya kama! Kamar ƙwayar idon mage!"

Sai muryar Baba, a hankali. "Na gani. Ƙullin ya yi."

Daɗi ya kashe ni. Na ce to yaushe za a kai shi ruwa? Ya ce sai ruwa ya ja.

Ƙanwata ta fita da wayar bayan gida, ta rage murya. "Yaya, kar ka ƙara yi masa maganar kogi. Yanar ido ta rufe masa gani tun bara, kwalekwalen ma yana hannun kawu. Baba ne ya hana a gaya maka, wai sai ka gama karatu."

Na ce, "To da ya ce ya gani?"

"Da yatsa ya yi ta shafawa," in ji ta. "Har fatsar ta soke shi, bai saki ba."