Inusa Mai Gadin Salga

Shekara arba'in Inusa ya yi yana su a tabkin Madarunfa, kuma mutum ne mai kafiya. In ya ce e, ko duk gari ya taru a kansa, e ɗin ce. Gidan yawa yake zaune, ɗaki tara, salga guda. Shekarar da kwalara ta shigo unguwar, cikin kwana biyu ta ɗauke masa matarsa Dije. A wurin likita aka gaya masa ta hannu cutar ke shiga ciki. Nan ya rantse ciwon nan ba zai ƙara fitar da gawa daga gidansu ba.

Sai ya rataye taru, ya kafa kujera a bakin salga, ga bokitin ruwa, ga sabuni, in sabuni ya ƙare ga toka. Duk wanda ya fito sai ya wanke hannu a gabansa. Maza suka yi ta tsokanarsa, wai an naɗa Sarkin Salga. Ko a jikinsa. Salla kaɗai ke tada shi daga wurin.

Kaico, da tsohon nan ya duba da kyau! Mata sun daina zuwa, shi ko bai lura ba. Wace mace ce za ta ratsa gaban dattijo da buta a hannu? Balle Ruƙayya, matar ɗansa, wadda ko sunansa ba ta iya faɗi don kunya. Sai suka koma bayan katanga, dab da rijiya.

Damina ta sauka, ruwa ya kwashe ƙazanta ya zuba inda ake sha. Mutum huɗu suka kwanta, uku suka tashi. Ruƙayya, da cikinta wata bakwai, ba ta tashi ba. Mutuwar nan ta girgiza unguwa, har yau in an tuna ta sai an yi ƙwalla.

Ranar sadakar uku Inusa na zaune cikin mutane, magana guda yake ta maimaitawa: "Na tsare ƙofar nan, wallahi na tsare. To ta ina ta shigo?" Kowa ya sunkuyar da kai. Hajara, tsohuwar maƙwabciyarsu kuma sa'arsa, ita ce ta kasa daurewa.

"Malam Inusa, wata biyar kana zaune nan. Sau nawa ka ga yarinyar nan ta wuce ta gabanka?"

Ya tsaya yana tunani. Ko sau ɗaya bai tuno ba.