Vendelin Mai Hagu Biyu

Duk wanda ya girma a garin Strmilice ya san Vendelin Hrubec. Ko dai ya hau bas ɗinsa yana ɗan makaranta ya sha faɗa a kan taka kujera da takalmi, ko kuma ya gan shi ranar Lahadi cikin jar motarsa mai buɗaɗɗen kai, hula a karkace, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana jan bas tsakanin garin da tashar jirgin ƙasa, bai taɓa goga wa kowa fenti ba, kuma ba ya bari a manta da wannan. Mutumin kirki ne, sai dai akwai son yabo.

Motar tsohuwar Skoda ce ta farkon shekarun sittin. A hannun wani likitan dabbobi ya saye ta, shekarar da ya auri Drahomira. In an naɗe rumfarta, bayan kujerar baya take kwanciya, sai a ja marufin fata a rufe ta, a ɗaɗɗanna maɓallai. Maɓallan kusurwa suna kama wasu ƙarafa biyu masu walƙiya, lanƙwasassu kamar lauje, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na hagu yana nan lafiya lau. Na dama kuwa tun a hannun likitan ya tafi, ranar da ya ɗauko maraƙi a kujerar baya maraƙin ya yi harbi. Abin da ya rage a gurbin sai ramukan noti da gefe mai kaifi, marufin kuma yana lilo ta wannan kusurwa.

Da wani ne, da tuni ya buɗe baki ya tambaya a wurin masu irin motar. Ban da Vendelin. A wurinsa cewa "ba ni da shi" ya fi cire haƙori zafi. Sai ya koyi dabaru. In zai ajiye motar, ɓangaren dama yake manna wa bango. In babu bango, ya yafa kwat ɗinsa a kusurwar kamar dai zafi ne ya ishe shi. Ranar bikin girbi, da ake ɗora wadda gari zai karrama a kan marufin a zagaya dandali da ita, jama'a a tsakiya suke tsayawa wajen famfon ruwa, kuma hagun motar ne ke kallonsu. Haka asirinsa ya rufu har gashinsa ya yi fari.

Drahomira ta sani, ba ta taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Ita ce ungozomar garin tun tana budurwa har ta yi ritaya, kuma macen da ta saba fita cikin ƙanƙara don karɓar haihuwa ba ƙarfen ado ne zai hana ta barci ba. Tun ɗansu na fari take kiran mijinta Tato, wato baba, shi kuma yana ce mata Mamko, wato mama.

To, bana sai kwamitin biki ya ce Drahomira za a karrama. Vendelin ya yi murna har ya rasa inda zai sa kansa. Ya ɗauki matan mutane da 'ya'yan mutane a kan marufin nan, yau ga shi zai ɗauki tasa. Murnar ba ta daɗe ba, Pan Sykora, wato Malam Sykora, shugaban kwamitin, ya zo har gida.

"Pan Hrubec, ka ga ana tonon bututun ruwa a titin gidan waya," in ji shi. "Bana ta wajen coci za mu shiga dandali. Damar motarka ce za ta kalli jama'a."

"To, sai me?" Vendelin ya ce, yana kallon rufin ɗaki.

"Haba, Pan Hrubec. A bas ɗinka na girma, na san abin da ke ƙarƙashin kwat. Bara wurin nan ya yaga siket ɗin 'yar mai burodi, uwarta har yau ba ta gaishe ni. Uwargidanka Pani Hrubcova kuma kayan gargajiyar kakarta za ta sa. In ba a gyara ba, motar likitan haƙori za ta ɗauke ta."

Baƙon ya fita ya bar Vendelin, abin ya soke shi ƙwarai. Drahomira ta ajiye masa kofi. "Kada ka damu, Tato," ta ce. "Likitan haƙori ma yana da turare mai daɗi."

Ranar Asabar ya kama hanyar kasuwar tsofaffin kayan mota da ake ci a wani filin jirgi da aka daina amfani da shi. Ko a nan bai tambayi kowa ba. Yana bi kwali kwali yana tonawa, in mai kaya ya ce me ake nema, ya ce kallo kawai yake. Can wajen azahar, a ƙasan wani akwati, ya ga bakin abu mai walƙiya ya leƙo daga cikin takarda mai maiƙo. Ya taɓa, ya ji lanƙwasar da ya sani. Nan take ya yi musaya da tsohuwar fitilar mota da ya zo da ita, ya cusa ƙullin cikin riga ko warwarewa bai yi ba, don kada wani ya gani ya ce ashe motar Hrubec da saura.

A nan ne son yabo ya kai shi ya baro. Da ya isa gida, maimakon ya gwada shi kaɗai, sai ya kira maƙwabta su zo su ga yadda ake aiki. Cikinsu har da Cyril mai ganga a ƙungiyar badujala, abokinsa tun na firamare, mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa. Vendelin ya warware takarda, ya goge ƙarfen da tsumma, ya ɗora a gurbi. Lanƙwasar ta kalli waje. Ya juya shi, ramuka suka kalli sama. Ya sake juyawa.

Cyril ya karɓa, ya zagaya ɗaya ɓangaren, ya ɗora shi a kan na hagu. Suka yi daidai kamar cokali a kan cokali.

"Vendelin," ya ce a hankali, "ina taya ka murna. Yanzu hagu biyu gare ka. Ka ƙara ɗaya ka buɗe shago."

Dariyar da aka yi har kare ya yi haushi. Kafin Lahadi gari ya ɗauka, yara na leƙowa ta shinge suna cewa Mai Hagu Biyu. Cyril kuwa duk bikin aure da ƙungiyarsu ta je busa sai ya ba da labarin, kullum yana ƙara masa gishiri, har maraƙin ya zama bijimi. Vendelin ya daina zuwa mashaya. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, amma ba kunyar ce ta fi ci masa rai ba. In ya rufe ido sai ya ga matarsa a bayan motar wani, shi yana cikin 'yan kallo yana tafi.

Biki ya matso sosai, har 'yan kwana-kwana sun fara rataya tutoci, sai wata rana da la'asar ya ji ƙarar inji irin nasa a ƙofar gida. Ya leƙa. Wata koriyar mota ce, sak tasa, da lambar Slovakiya. Matar da ke tuƙi ta wuce fili sarai a gaban gidan, ta juya, ta dawo, ta manna hagun motar da shingensa har ta kusa goge shi, sannan ta rarrafo ta ɗaya ƙofar ta fito. Vendelin bai buƙaci a gaya masa komai ba. Ya san mai irin wannan fakin.

Ƙatuwar mace ce mai babbar murya, jaka a hammata. "Kai ne Mai Hagu Biyu?"

"Hrubec dai," ya ce.

"Ni Zdenka Malikova. A bikin jikata wani mai ganga ya ba da labarinka. Kowa na dariya, ni kaɗai na tashi na bi shi har bayan rumfa ina tambayar sunan garinku." Ta zuge jaka ta fito da ƙarfe mai walƙiya. "Mijina, Allah ya ji ƙansa, shi ma ba ya tambaya. Dama biyu ya bar mini gado."

Vendelin ya karɓa. Ya ɗora a gurbi, lanƙwasar ta kwanta kamar can aka haife ta.

"Da ka yi magana tuntuni, Pan Hrubec," in ji ta. "Tsakanina da kai dutse ɗaya ne fa."

"Ke me ya hana ki magana?"

"Kai ma ka san abin da ya hana ni."

Drahomira, da ke bakin ƙofa da farantin kek ɗin tuffa, ta yi dariya har sai da ta ajiye farantin.

Ɗaurawar ma ba ta zo da sauƙi ba. Tsatsa ta toshe ramukan, sai da Vendelin ya ɗiga mai ya bi su da siririyar waya. Pani Malikova ta ce a goga wa notunan sabulu, ya ce bai taɓa jin haka ba, aka goga, suka shige sumul. Da ƙarfen ya zauna sai marufin ya ƙi kaiwa, don fatar wannan kusurwa ba ta taɓa sanin ja ba, ta takure. Drahomira ta kawo tawul da ruwan ɗumi ta gasa ta, tana murzawa da tafin hannu.

"Ku bar gaggawa," ta ce. "Na ga waɗanda suka fi wannan taurin kai, kuma duk sun fito. In na ce ku ja, ku ja."

Suka ja su biyu, ita ta danna da babban yatsa. Maɓallin ya ce ƙas. Vendelin ya tsaya yana kallon kusurwar, fata a miƙe, ƙarfe na ɗaukar ido, sai ya cire hula. Daga nan suka koma kan koriyar suka ɗaura mata nata hagun, Cyril kuma, da ya ji ƙamshin labari ya iso, ya ce a ba shi kek biyu ladan bakinsa. Aka ba shi uku.

Ranar biki rana ta fito tas. Vendelin ya ɗaura lakataye, ya kama hannun matarsa ta hau, ta zauna a kan marufin, ta baza siket ɗin kakarta har ya sauka ta dama ta hagu ba abin da ya kama shi. Badujala a baya, koriyar motar Pani Malikova a bayansu, suka shiga dandali ta wajen coci.

Ba wanda ya kalli ƙarfen, kuma Vendelin bai ma lura ba. Rabin mutanen da ke wurin a hannun matar nan suka faɗo duniya. Manyan maza masu tumbi suna kiran sunanta, mata suna ɗaga jarirai sama don ta gani. A madubi ba ya hango fuskarta, sai hannunta ɗaya da ya dafa bayan kujerarsa ya riƙe gam. Daɗi ya cika masa ƙirji har ya ji idonsa na yaji.

Suka doso dakalin da Pan Sykora yake tsaye da furanni, yana gyara murya zai fara jawabi. Vendelin ya ɗora ƙafa a kan birki. Sai ya ji ta sunkuyo wajen kunnensa.

"Tato, kada ka tsaya. Ƙara mini zagaye ɗaya."

Ya ɗauke ƙafarsa. Jar motar ta wuce Pan Sykora da furanninsa a hankali, Cyril ya ƙara wa ganga ƙarfi, garin gaba ɗaya ya juya ya bi bayansu.