Wa Zai Fara Cin Tumun Bana

Kwana huɗu ke nan da aka kawo mini tumu, yana nan kan faifai a bakin ƙofa, ban taɓa shi ba. Zangarniya biyar ce ta sabon gero, maƙwabciyata ta aiko mini daga gonarsu. Jikata ta zo ta tarar har ya fara bushewa, ta tambaye ni dalili, sai na ce ta ɗauko takarda da biro. Ni ban yi karatu ba, ko sunana ban iya rubutawa. Abin da na faɗa shi take sawa, in kuka ya zo mini ta dakata. Wata bakwai ke nan da muka binne mijina, kuma wannan ce damina ta farko da gero ya nuna babu shi.

An haife ni a wani ƙauye a gindin dutse, kudu da Gombe. A can, in gero ya nuna, ba mai sa shi a baki sai tsohon da ke kula da tsafin dutse ya hau ya zuba wa kakanni hatsin farko, ya sauko ya ce an buɗe. Kafin nan, ko yunwa za ta kashe ka, naka ido. Ina da ƙane mai bi na, wanda ya shiga gonar babanmu ya karyo zangarniya biyu ya gasa a ɓoye. Ni na tsaya masa gadi. Ya miƙo mini, na ƙi. A kwana na uku cikinsa ya kumbura ya mutu. Ba a yi kuka da ƙarfi a gidanmu ba, don an ce an san abin da ya ɗauke shi. Ina da shekara kamar tara a lokacin.

Mijina ɗan ƙauyen da ke bayan namu ne. Ya yi 'yar makaranta a wurin mishan, ya koyi kafinta, ya karɓi Yesu tun yana saurayi. Ya kawo ni Gombe a shekarar da aka sami mulkin kai, muka kama ɗaki ɗaya a Tudun Wada, cikin gidan haya mai mutum da yawa. Aka yi mini baftisma, na shiga zumuntar mata, na iya waƙoƙi har ni ke ɗaukar baki. Ban yi ƙarya ba da na ce na ba da gaskiya. Amma in damina ta yi tsakiya, na ga mata na gasa tumu a bakin hanya, sai tsoro ya kama ni kamar ina gonar babanmu.

Uwata ta san halin da nake ciki. Kowace shekara, in tsohon ya buɗe, sai ta ɗaure zangarniya ɗaya da kaba ta ba direban motar da ke zuwa ranar kasuwa, ya kawo mini har gida. Sai na gan ta nake sayen sabon gero. Kafin zangarniyar ta zo, geron bara nake nema. Akwai wani mai hatsi, mutumin Kano, wanda ya gane ni. In ya hango ni sai ya fara dariya.

"Matar kafinta, an zo neman mai ƙwarin? Na ajiye miki wanda ko kaza sai ta yi shawara."

"Malam, auna mini dai, ka bar surutu."

"Ga sabo fes, ƙamshi har titi. Kowa na gudun na bara, ke kina bin sa. Ko dai maigida ya yi laifi ne ake horonsa?"

Nakan ɗauki ƙwaya in fasa da haƙori in tofar, in shinshina buhun, don wasu sukan gauraya. Shi kuwa bai taɓa cuta ta ba. In ya gauraya yakan faɗa mini.

Ɗana na fari ya rasu yana wata takwas, zawo ya ɗauke shi. Mako guda kafin nan na sha kunu a gidan suna, daga baya na ji da sabon gero aka dama. Ta biyun da rani ta rasu, zazzaɓi ne, ba ruwanta da gero, amma tsoro ba ya lissafi. Ta ukun ce ta zauna. Duk da haka mijina bai daina kirana Maman yara ba, har ya koma ga Allah. Na taɓa ce masa yarinya ɗaya ce gare mu, ya ce uku ne, biyu sun riga mu isa gida ne kawai.

Ya san abin da nake yi. Bai kai ƙarata wurin fasto ba, bai kuma ɗaga mini murya ba. Tuwo mai warin rumbu yakan ci, ya suɗe hannu. Wani lokaci dai, in yana wanke hannu, yakan ce, "Maman yara, tsohon nan na dutse ya taɓa sa ƙwaya ɗaya ta tsiro? Wanda ya aiko da ruwan sama, shi ya buɗe hatsin tun daga gona." In ce masa na ji. Ya ce, "An biya miki fansa, an kwance igiya, ke kuma kina tsaye a gindin turke." In ce masa ya sha ruwa, miya ta yi yaji.

Haka muka yi shekara goma sha wani abu. Jirgin ƙasa ya iso garin, aka yi yaƙi aka gama, aka canza kuɗi daga fam zuwa naira. Kuɗin mai ya shigo, kowa na gini, mijina ba ya zama. Ƙofofi da tagogi yake yi wa manyan gidajen GRA, ya dawo da garin katako a gashin kansa. Har muka sami fili a Manawashi, nan inda nake zaune yanzu. Sai dai a daidai lokacin ruwa ya yi gardama. Daminar da ta wuce ba a sami amfani ba, don haka kafin gero ya sake nuna, na bara ya ƙare ƙaf a kasuwa. Mai hatsi ya kakkaɓe mini gindin buhu sau biyu, na uku ya buɗe hannuwansa ya ce, "Wallahi matar kafinta, bana ko ƙwarin sun yi hijira."

A cikin wannan hali ƙyanda ta kama 'yata. Tana da shekara bakwai. Ƙurajen suka fito suka koma, amma suka bar mata baki duk gyambo, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Garin rogo na jiƙa mata ta tofar, shinkafa ta kau da kai. Abu ɗaya take faɗa: kunun gero. Ga sabon gero ya cika gari, ana gasa tumu a ƙofar gidanmu, ƙamshi na shigowa har inda take kwance. Ni kuwa ranar kasuwa biyu ina fita bakin titi ina jiran direba. Yakan wuce ya ɗaga mini hannu, ba komai a ciki.

A mako na uku goggona ta zo da kanta. Tun daga yadda ta zauna na san ba lafiya. Na kawo mata ruwa, na tsaya ina kallon ƙullin kayanta.

"Ki daina duba kayana, 'yar nan, ban kawo ba," ta ce. "Tsohon ya mutu tun farkon damina."

"Wa ya gaje shi?"

"Wa zai gada? Babban ɗansa na soja, ƙaramin yana aikin hanya. Ba wanda ya san maganar da ake faɗa a can sama. Da ita ya tafi."

"To ku me kuke ci?"

"Masu coci na cin abinsu. Mu tsofaffi muna tafasa ganye muna jira."

"Jiran wa, Goggo?"

A nan na gane abin da ya same ni. Ba jinkiri aka yi ba. Geron bana ba za a taɓa buɗe shi ba, haka na baɗi, haka na shekarar da za ta biyo. Wanda ke riƙe da mabuɗin yana ƙarƙashin ƙasa. Na dubi 'yata, na ga in na ba ta zan kashe ta, in na hana ta zan kashe ta. Na zauna a tsakar gida da rana tsaka na ɗora hannu a ka.

Washegari mijina ya dawo daga aiki tun kafin azahar, abin da bai saba ba. Yana riƙe da zangarniya uku, da kwano guda na sabon gero a ƙullin ƙyalle. Ya tsuguna a murhu da kansa, ya hura garwashi, ya gasa tumun yana jujjuyawa. Ya murje shi a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin. Hannun nan nasa duk kanta ne da tabon zarto, zafi ba ya jin sa. Sai ya cire hula.

"Uba, kai ka ba da ruwa, kai ka ba da ƙasa, kai ka ba mu yarinyar nan. Ba mu da wani mai buɗe mana sai kai. Mun gode. A cikin sunan Yesu."

Ya watsa a baki ya tauna, yana kallona.

"In akwai mai kamawa, ga ni, ya fara da ni. Tashi ki dama mata, Maman yara."

Na surfa geron ina kuka, na daka ina kuka. Na dama da tsamiya. Da na kai ludayi bakinta, na so in miƙa masa, ya ce a'a, ni zan ba ta. Ta sha ludayi shida ta yi barci.

Kwana uku ban bar gefenta ba. Ina taɓa cikinta, in shi ya shigo in kalli nasa, har ya ɗaga riga ya ce in duba da kyau, wai ko tuwona ya fara yi masa amfani. A rana ta uku ban iya ko addu'a ba, sunan Ubangiji kawai nake maimaitawa. Rana ta faɗi, gari ya waye, yarinya ta tashi zaune ta ce kunun jiya ya yi ruwa, a ƙara kauri. A ranar na ci tumu, karo na farko a rayuwata ba tare da an aiko daga dutse ba. Na koma wurin mai hatsi na ce ya auna mini sabo. Ya kalle ni ya ce, "Ikon Allah! An yafe wa kafinta."

Na ba da shaida a gaban zumuntar mata, aka yi guɗa, na ce Ubangiji ya kwance ni. Gaskiya na faɗa. Yarinyar ta girma ta yi aure, ita ta haifi wannan da ke rubuta mini.

Amma akwai abin da ban faɗa a coci ba, don ni ma ban gan shi ba sai cikin kwanakin nan huɗu. Tun daga waccan shekara, duk damina shi ke kawo tumun farko, shi ke gasawa, shi ke addu'a, shi ke fara ci, sannan in ci. Ko an ba ni a waje nakan ƙulle in kawo gida in jira shi. Na ɗauka ladabi ne. Shi ya riga ni ganewa. Wata shekara, gashinsa ya riga ya yi fari, ya murje ya miƙo mini.

"Bana ke za ki fara."

"Babba ke farawa, Maigida."

"Ni ma mutum ne kamar tsohon can. Ranar da ba ni fa?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ci ka ba ni."

Ya yi dariya ya ci. Ya sake gwadawa sau biyu ko uku a wasu shekarun, ina kaucewa, shi kuma ba ya iya matsa mini. Wannan ne kaɗai aikin da ya fara bai gama ba.

Da maƙwabciyata ta aiko da wannan, na karɓa da murna, na ajiye, na ce bari ya shigo. Sai da na faɗa na tuna. Na zauna ina kallon ƙofa, ƙofar da shi ya yi da hannunsa, kamar yadda na riƙa tsayawa bakin titi ina jiran direba. Ba zan ce tsoron dutse nake ji kamar dā ba. Na san ƙanena ciwo ne ya kashe shi, irin wanda yanzu ake maganinsa a asibiti. Amma ban taɓa tsayawa ni da Allah kaɗai a kan hatsin nan ba, kullum akwai bayan wani da nake laɓewa. Kuma ina kewarsa. Ina kewar yadda yake hure ƙaiƙayi ya shiga mini ido, in yi masa faɗa. In na ci wannan, na yarda ke nan ba zai shigo ba.

Jikata ta ce ita za ta fara ci in ina so. Na gode mata, na ce a'a. Haƙori huɗu suka rage mini, addu'ata kuma ba ta da tsari irin tasa, amma wanda zan yi wa ya san muryata tun ina gadi a gonar babanmu. Ajiye biron, 'yar nan, ki hura mini garwashi. Ki miƙo mini hularsa da ke jikin ƙusa, in riƙe. Ni zan murje da kaina.