Sunan Ɗan Fari a Kan Allo

Shekarar da muka samu 'yancin kai ina cikin 'yan matan da ake koya wa aikin koyarwa a Damagaram. Malamin da ke horar da mu yakan ce kafin ka taɓa alli, ka fara sanin su wa ke gabanka, sannan abin da kake so su iya, sannan hanyar kai su can, a ƙarshe ka gwada su. Na tsallake matakin farko. Ai waɗanda zan koyar matan unguwar Birni ne, a cikinsu na tashi.

Aka ba ni ajin matan aure bayan la'asar, a wani zaure, aka ce in ba su dawo ba bayan darasin farko za a rufe shi. Na shirya abin da na ɗauka ya fi komai daɗi: kowace ta faɗi sunan ɗanta na fari, in rubuta, ta ga abin da ta fi so ya zama baƙaƙe a kan allo. Har ƙwalla na yi don kyan tunanin.

Na tambaya. Sai wata dattijuwa ta yi dariya.

"Madam, ke innarki tana kiran sunanki?"

Ba ta kira. Ni ce 'yar fari, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Nan ya kamata in tsaya. Amma shirina suna yake nema, sai na juya ga wata mai goyo a bakin ƙofa.

"Yaya, taimake ni. Ke kaɗai."

Ta dubi dattijuwar, ashe uwar mijinta ce. Ta dube ni. Ta faɗi sunan can ƙasa-ƙasa.

"To, boko ya ci kunya!" in ji wata. Aka kwashe da dariya. Mai goyon ta ja mayafi ta rufe fuska, ni kuma na rubuta, don na rasa yadda zan yi da hannuna.

Kafin darasi na gaba na bi gida-gida ina tambaya. Ashe sunayen garuruwan da 'yan'uwansu ke aure suke son gani, su Gafati, su Gidimuni. Yawancinsu sun dawo, ajin bai rufe ba. Mai goyon kam ba ta dawo ba. Na je gidansu, ta kawo mini ruwa, ta ce aiki ne ya yi mata yawa. Ta raka ni har zaure ba ta ɗaga ido ba.